Jigawa: Ƙananan hukumomi 27, masarautu biyar, da tarihin da ke kwance a ƙarƙashinsu

Ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanki gabashi da arewacin tsohuwar Jihar Kano ta ce ga sabuwar jiha, sunanta Jigawa, hedikwatarta Dutse. Kanal Olayinka Sule aka turo ya fara riƙe ta. A takarda abin ba wuya: jiha ɗaya, ƙananan hukumomin da adadinsu ya tsaya a 27 bayan ƙarin da aka yi a 1996, da al'ummar da ƙidayar 2006 ta ce ta haura miliyan 4.3. Amma ka tambayi dattijo a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, "Baba, daga ina?" Da wuya ka ji ya ce daga Jigawa. Zai ce daga ƙasar Haɗejia, ko ƙasar Gumel, ko ya ambaci garinsu da hakiminsu. Sunan ƙaramar hukuma kuwa sai an zo cike fom ko lokacin zaɓe.

Wannan amsa ta dattijo ita ce mabuɗin fahimtar jihar. Taswirar ƙananan hukumomi sabuwa ce, an shimfiɗa ta a kan taswirar masarautu, ita ma ta masarautun an shimfiɗa ta a kan wata da ta girme ta, ta tsofaffin birane waɗanda yau wasunsu ko hedikwatar ƙaramar hukuma ba su samu ba. Wanda ya karanta ta sama kaɗai ba zai gane abin da ya sa ake rabon muƙamai yadda ake yi ba, balle ya gane dalilin da ya sa kayan tarihin jihar suke lalacewa ba mai ɗaukar nauyinsu.

Rabon dai ga shi. Haɗejia na da ƙananan hukumomi takwas: Haɗejia, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kiri Kasamma. Dutse na da bakwai: Dutse, Birnin Kudu, Gwaram, Buji, Kiyawa, Jahun da Miga. Sauran ukun kowacce huɗu-huɗu. Gumel na da Gumel, Gagarawa, Maigatari da Sule Tankarkar. Kazaure na da Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi. Ringim na da Ringim, Taura, Garki da Ɓaɓura. Mazaɓun sanata ma haka suka bi: Haɗejia ita kaɗai mazaɓa guda, Dutse ita kaɗai mazaɓa guda, sauran ukun aka haɗa su wuri ɗaya.

Sai dai masarautun nan biyar ba daga tsatso ɗaya suka fito ba, kuma kafin zuwan Turawa ba alƙibla ɗaya suke kallo ba.

Gumel gabas take kallo. Mangawa ne suka kafa sarautar a wajajen 1750 a ƙarƙashin Ɗan Juma, kuma tun farko Barno take kai wa gaisuwa. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ci Kano da Katsina da Daura, amma bai ci Gumel ba, ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Sakkwato ba har Turawa suka zo a 1903. Tsohuwar fadarta ma, Tumbi, yau tana cikin Jamhuriyar Nijar; iyakar da Ingila da Faransa suka ja ta raba masarautar da wani sashe na tarihinta. Bajamushen nan Heinrich Barth ya bi ta Gumel a 1851 ya tarar da gari mai cike da hada-hada, kasuwar kanwa na ci, amma da ya sake biyowa a ƙarshen 1854 sai ya tarar rikicin sarauta da yaƙi sun durƙusar da ita. Ƙaramar ƙasa ce da ta rayu tsakanin manya, Kano da Haɗejia ta kudu, Damagaram ta arewa, kuma kowanne ya taɓa ɗanɗana mata. Abin da ya rage na waccan tsohuwar hanyar fatauci shi ne kasuwar Maigatari. Duk ranar Alhamis raƙuma da shanu da tumaki da dawakai suna kwararowa daga Nijar, dillali ya riƙe hannun mai saye suna ciniki, nairori da sefa suna canza hannu a gefe, manyan motoci suna lodi zuwa kudu. Mutanen da ke tsaye a ɓangarori biyu na iyakar nan, da yawansu dangin juna ne.

Haɗejia kuwa tuta ta karɓo. Fulanin yankin a ƙarƙashin Umaru da ƙanensa Sambo suka yi mubaya'a ga Shehu, kuma Sambo, wanda ya hau a 1808, shi ne ya zaunar da masarautar da gindinta. To amma riƙon tuta bai hana Haɗejia zama 'yar tawaye mafi shahara a daular ba. Ɗan Sambo, Sarki Buhari, ya sa aka kashe Sarkin Auyo Nalara, wanda ɗan uwansa ne kuma abokin hamayyarsa. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe Buhari ya naɗa Ahmadu, ɗan uwan Buharin. Buhari ya ja da baya ya sake shiri, ya dawo ya ƙwace garinsa, sannan rundunar da aka tattaro daga masarautun daula don ta hukunta shi ya tarwatsa ta a Gamon Kafur. Daga nan ya yi shekaru yana kai hare-hare gabashin Kano da maƙwabta, ya cinye garin Marma, har ajalinsa ya riske shi a 1863 wajen yaƙin Gorgoram a ƙasar Bade. A Haɗejia jarumi ne da ake yi wa kirari har gobe. A garuruwan da dawakansa suka taka kuwa, waɗanda wasunsu yau suna cikin jihar nan ɗaya, labarin da kakanni suka bari daban ne. Wannan shi ne wahalar rubuta "tarihin Jigawa" a matsayin labari guda: gwarzon wata ƙaramar hukuma shi ne abin tsoron maƙwabciyarta.

Haɗejiar ce kuma ta ƙi miƙa wuya ga Turawa bayan Kano da Sakkwato sun faɗi da shekara uku. Ranar 25 ga Afrilu 1906, jim kaɗan bayan tawayen da aka yi wa Turawa a Satiru kusa da Sakkwato, sojojin Turawa suka faɗa wa garin, aka gwabza a kan tituna har ƙofar fada, Sarki Muhammadu ya faɗi tare da 'ya'yansa da manyan jarumansa. Shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin yadda Haɗejiyawa suka ji ba a 1991, da aka ce hedikwata Dutse za ta tafi, garin da a idonsu gunduma ce ta Kano. Neman Jihar Haɗejia bai mutu ba tun daga lokacin. Duk sanda aka buɗe maganar gyaran tsarin mulki sai ya taso.

Kazaure labarinta gajere ne amma mai daɗi. Ɗan Tunku, Bafulatanin da ya taimaka wa jihadi a arewacin Kano, ya ƙi bin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, aka yi ta ɗauki-ba-daɗi, ƙarshe Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ya bar masa ƙasarsa. Aka yanko masa daga Kano da Katsina da Daura a wajajen 1819, ɗansa Dambo ya gina garin ya kewaye shi da ganuwa. Dubi taswira yau za ka ga Kazaure a maƙale can arewa maso yamma, wani siririn wuya ne kawai ya haɗa ta da sauran jihar. Bakazaure da zai je Dutse, sau da yawa ta cikin Kano yake bi. Ba abin mamaki ba ne da ake jin sunan Kazaure a cikin masu neman Jihar Bayajidda tare da Daura.

Dutse da Ringim su ne 'ya'yan Kano kai tsaye, kuma a nan ne lissafin ya fi ban sha'awa.

Dutse tsohuwar sarauta ce. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci yaƙin da Sarkin Kano Kumbari ya yi da Sarkin Dutse Ada a ƙarni na 18, abin da ke nuna cewa Dutse ta taɓa yin ƙarfin da za ta ɗaga wa Kano kai. Bayan jihadi ta zama ɗaya daga cikin manyan sarautun yanki a ƙarƙashin Sarkin Kano, sa'ar Rano da Gaya da Ƙaraye. A 1981 Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga waɗannan huɗun, da Auyo, ya mai da su masarautu masu cin gashin kansu, matakin da ya ƙara rura wutar rikicinsa da fadar Kano. A 1983 Sabo Bakin Zuwo ya hau ya soke. To ka dubi yadda ƙaddara ta raba su. Rano da Gaya da Ƙaraye sun zauna a Kano: Ganduje ya ɗaga su a 2019, Abba Kabir Yusuf ya rushe a 2024, sannan aka dawo da su da daraja ta biyu. Dutse kuwa iyakar jiha ta fitar da ita daga wannan wasan jifa. Tun 1991 take masarauta mai daraja ta ɗaya ba wanda ya sake taɓa ta. Sarki Nuhu Muhammad Sanusi ya yi mulki daga 1995 har rasuwarsa a Janairun 2023, ɗansa Hamim ya gaje shi lami lafiya. Auyo ita ce ta yi biyu babu. Ta koma ƙarƙashin Haɗejia a 1983, kuma ƙirƙirar jiha bai canza mata komai ba.

Ringim ba ta taɓa zama masarauta ba kafin 1991. Gundumomin Kano ne da suka tsinci kansu a sabuwar jiha ba sarkin yanka, kuma ba zai yiwu hakimai a Jigawa su ci gaba da zuwa gaisuwar Sallah wata jiha ba. Sai aka haɗa su aka naɗa Sayyadi Abubakar Mahmud Usman, ɗan gidan sarautar Kano. Wato a nan jiha ce ta haifi masarauta, a Haɗejia da Gumel da Kazaure kuwa masarauta ta girmi jiha da kusan shekara ɗari biyu ko fiye.

Duk siyasar Jigawa a kan wannan rabo take tafiya, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Ali Sa'ad Birnin Kudu da Sule Lamido daga masarautar Dutse suke, Saminu Turaki daga Kazaure, Badaru Abubakar daga Ɓaɓura a masarautar Ringim, Umar Namadi daga Kafin Hausa a masarautar Haɗejia. Gumel ce ba ta taɓa fitar da zaɓaɓɓen gwamna ba, kuma Gumalawa suna sane da lissafin. Manyan makarantu ma haka aka watsa su: kwalejin ilimi a Gumel, kwalejin shari'a da addinin Musulunci a Ringim, kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ta Binyaminu Usman a Haɗejia, jami'ar jiha a Kafin Hausa, ta tarayya a Dutse. Saminu Turaki ya kai wannan tunani maƙura lokacin da ya rarraba ma'aikatun gwamnati zuwa hedikwatocin masarautu, ta yadda fayil ɗaya zai iya yin tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin a gama sa masa hannu. Lamido ya zo a 2007 ya tattaro su ya dawo da su Dutse, ya shiga gina ta. Mutum na iya sukar kowannensu, amma tambaya ɗaya suke ƙoƙarin amsawa: shin Jigawa jiha ce mai cibiya ɗaya, ko tarayya ce ta masarautu biyar? A ganina Lamido ya fi gaskiya ta fuskar tafiyar da mulki, amma Turaki ya fi karanta zuciyar mutane.

Yanzu mu sauka ƙasa da masarautun, inda na ce akwai taswira ta uku.

Kafin jihadi, abin da ake kira ƙasar Haɗejia yau ƙananan sarautu ne bakwai: Auyo, Garun Gabas, Haɗejia, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa, kuma Barno suke bi. Haɗejia ba ita ce babbarsu ba. Garun Gabas ita ce Biram ɗin nan da kowane ɗan firamare yake haddacewa a jerin Hausa Bakwai, inda labarin Bayajidda ya ce ya bar matarsa 'yar Mai na Barno ta haifi ɗa kafin ya wuce Daura. Kano da Katsina da Zazzau da Daura yau birane ne da duniya ta sani. Biram kuwa mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Malam Madori, garin da shi kansa bai yi tashe ba sai da jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru ya biyo ta wurin a wajajen 1930, 'yan kasuwar gyaɗa suka kafa sikeli a tasha. Tashar jirgi ta zama hedikwata, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai ta zama ƙauyen da ke ƙarƙashinta. Yara nawa ne a Malam Madori suka san cewa Biram ɗin da ke cikin littafinsu ita ce garin da ke kusa da su?

Auyo ta fi ban tausayi. Auyokawa suna da harshensu na kansu, ɗan uwan Badanci da Ngizimanci, kuma labarin baka yana haɗa su da Shira da Tashena da ke Jihar Bauchi a yau, a matsayin garuruwan 'yan uwa uku. Harshen ya mutu ƙurmus, Hausa ta haɗiye shi, abin da ya rage sai 'yan kalmomin da masu bincike suka tsinta. Wannan kuma yana tuna mana cewa kiran Jigawa "jihar Hausa-Fulani" kawai rufe ido ne. Akwai Mangawa a Birniwa da Gumel da Maigatari, akwai Badawa a Guri, akwai Warjawa a kudu wajen Birnin Kudu da Gwaram. Da yawa daga cikin jikokinsu Hausa kaɗai suke ji yanzu, hanyar da Auyokawa suka bi ke nan.

Birnin Kudu kuwa tana riƙe da abin da ya girmi dukkan sarautun nan. A cikin kogunan duwatsun da ke kewaye da garin, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zanen dabbobi a jikin dutse da jan launi da fari, mafi yawa shanu. Abin lura shi ne shanun ba su da tozo. Wato masu zanen sun rayu da wani irin shanu daban da farfarun da Fulani ke kiwo a yankin yau. Kusa da zanen akwai duwatsun kiɗa, waɗanda in ka ƙwanƙwasa da ɗan dutse suke amo kamar ƙarfe, jikinsu duk ramuka saboda dukan da suka sha na zamani bayan zamani. Bernard Fagg, Baturen masanin da ya yi aiki a kan tsofaffin kayan tarihin Nok, ya yi nazarinsu a shekarun 1950, kuma an sanya wuraren cikin kayan tarihi na ƙasa. Abokan gabarsu a yau ba ɓoyayyu ba ne: masu fasa dutse, hayaƙi, yara masu rubuta sunayensu da gawayi, da gari da ke ta matsowa.

A nan ne matsalar take. Wa ke da alhakin waɗannan abubuwa? A zamanin En'e, wato mulkin gargajiya na sarakuna tun zamanin Turawa, hakimi da dagaci da mai unguwa su ne hukuma. Ganuwa da kushewa da tsohuwar rijiya suna ƙarƙashin idon wanda ya gaji labarinsu. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Ba ina kukan En'e ba ne, talakawan da NEPU ta yi wa fafutuka sun san abin da suka sha a hannunta. Amma sakamakon shi ne an raba sani da iko. Fada na da labari ba ta da kasafi. Ƙaramar hukuma na da kasafi, ko abin da jiha ta sakar mata daga asusun haɗin gwiwa, amma shugabanta shekara biyu ko uku zai yi, kuma albashi da rijiyar burtsatse da buƙatun 'yan jam'iyya sun gama cinye kuɗin. Hukumar gidajen tarihi ta tarayya na da doka a hannu, amma tana nesa. Tsakanin ukun nan ganuwa take zaizayewa, ana ɗibar ƙasarta ana yin bulo, ana yanka gurbinta filaye.

Takardun ma ba a gida suke ba. Tun da Jigawa ƙarƙashin Lardin Kano ta yi zamanin Turawa, rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta kan gundumomi, da lissafin haraji da jangali, da jerin sarakunan garuruwa, mafi yawansu suna ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Kaduna, da Gidan Arewa, da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Ɗalibi daga Gwaram da ke son rubuta tarihin garinsu sai ya yi kuɗin mota zuwa wata jiha. Abin da ake bugawa a gida kuwa yawanci littattafan bikin naɗi ne ko na cikar sarki shekaru a gadon mulki. Suna da amfani, amma tarihin masu nasara ne: wane ya hau, ya yi shekara kaza, wane ya gaje shi. Ba za ka ji muryar Haɓen da aka ture ba, ko ta bayin da aka zaunar a rumada, wato ƙauyukan noma na bayi, ko ta mutanen Birnin Kudu da Gwaram da suka yi rabin ƙarni na 19 suna gudun harin Ningawa, ko ta matan da suka riƙe saƙa da kaɗi da fatauci daga cikin gida.

Akwai kuma gadon da ba gini ba ne. Fadamar Haɗejia zuwa Nguru ita ce ta ciyar da garuruwan gabas tun fil azal: ambaliya ta zo da damina, ta janye ta bar shinkafa da kifi da ciyawar rani, tsuntsaye su taso tun daga Turai su sauka a Baturiya da ke Kiri Kasamma. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992, duka a Jihar Kano, sun canza yadda ruwan yake zuwa. Maimakon ya cika ya janye, sai ya riƙa gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwa ruwa ya ci gonakinsu, wasu ya daina isa gare su. Sarautun ruwa, da sanin masunta na wane gulbi ake shiga a wane wata, da yarjejeniyar da ke tsakanin manomi da makiyayi kan lokacin sakin dabbobi a fadama, duk a kan tsohon tsarin ambaliyar aka gina su. In tsarin ya rikice su ma sai su rikice, kuma wani ɓangare na rigimar manoma da makiyaya da ake ji a Guri da Kiri Kasamma daga nan ya samo tushe.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko da an aiwatar da hukuncin yadda ya kamata, ba na zaton wani ciyaman zai sa tarihi a gaban asibiti da makaranta, kuma bai kamata ya yi ba. Amma abin da ake buƙata ba mai tsada ba ne. Katanga da mai gadi a duwatsun Birnin Kudu. Alama a gurbin tsofaffin ƙofofi kafin a manta inda suke. Malamin tarihi ɗaya ko biyu a kowace ƙaramar hukuma, da wayar ɗaukar murya, su zauna da limamai da maroƙa da sarakunan sana'a da tsofaffin mata, a ajiye abin da aka ɗauka a jami'ar Kafin Hausa da ta Dutse. A kwafo takardun Kaduna da na Kano a sa su a intanet. Waɗanda suka ga zamanin En'e da idonsu, suka ji labarin 1906 daga bakin waɗanda aka yi abin a gabansu, yanzu sun haura tamanin, kuma a Garun Gabas da Auyo da Gatarwa su ne kaɗai ma'ajiyar da ake da ita.